Masallacin Yama: ginin lakar da mata sunka ɗebo ma ruwa

In an ce tsohon masallaci a ƙasarmu Nijar, hankalin kowa Agadas yake tahiya, kuma da gaskiyarsu. Tun wajen 1515 anka gina shi, anka sake tada hasumiyarsa a 1844, tsawonta mita 27 kuma duk laka ce. Amma Agadas ta yi nisa ga mace mai ɗiya da awaki. Akwai wani nan cikin Adar wanda da yawanmu ba su taɓa jin sunansa ba: masallacin Juma'a na Yama, wani ƙauye wajen Badagishiri, kudu da Tawa. Shi munka tahi gani bayan girbi, mu kaɗan daga asusun Mata Masu Dubara na nan Sanam. Hanya kam ba sai mun gaya muku ba, kowa ya san halin da take ciki. Ranar kasuwa munka bi, cikin jama'a.

Bai kai na Agadas tsufa ba, uwayenmu da yawa sun girme shi. A 1962 mutanen Yama sunka yi shawarar yin masallacin Juma'a nasu, sunka ba Falke Barmu aikin. Ba injiniya ba ne, manomi ne kuma magini, ɗan garin. Da fari ɗaki ne mai kusurwa huɗu, da ginshiƙai da mihrabi, ba wani ado. A 1975, da rufin ya buƙaci gyara, sai ya sake shi da bakan gizo, ya ɗora tulluwa a tsakiya. Daga 1978 zuwa 1982 ya tada hasumiya huɗu, ɗaya a kowace kusurwa. Shekara ashirin ke nan ana gini kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da gari ya iya. Mu masu zubin mako-mako mun san wannan tahiyar. A 1986 anka ba masallacin kyautar Aga Khan, wadda ake ba gine-gine mafi kyau a ƙasashen Musulmi.

Hasumiyoyin nan ne ke fara kama ido. Ba guda biyu da sunka yi kama da juna. Kowace gindinta faɗi, tana tsukewa tana hawa, kowace da irin adonta a ka, sai ka ce ɗiyan uwa ɗaya amma kowa da halinsa. Da izinin liman munka shiga da hantsi, ba lokacin salla ba. Muna cire takalma muna sa ƙafa, sanyi ya tarye mu, irin na bakin randa. Ba fanka, ba lantarki, kaurin bango ne kawai. In kin ɗaga kai, bakan gizon nan ne ke tasowa daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi, kuma cikinsa ba ƙarfe ko ɗaya, sandunan itace ne anka ɗaura anka lulluɓe da laka. Wata tsohuwa cikinmu ta shafa bango ta yi shiru, can ta ce ita sawun yatsu take ji.

Ga abin da ya fi tsaya muna a rai. Kowane gida ya sa hannu a aikin. Wasu na buga tubali, wasu na ɗauka zuwa wurin gini, wasu na saro itace. Ruwan kwaɓa laka kuwa mata ne sunka ɗebo shi. Wadda duk ta taɓa taya yaɓen rumbu ta san abin da laka ke sha: a jiƙa, a zuba ramno, a tattaka, a bar ta ta kwana, gobe a ƙara ruwa. To bare masallacin gari guda, ga rijiyar Adar da zurfi. Sunan magini ya kai duniya, kuma ya cancanta, Allah ya saka masa. Amma tulu nawa ne ya hau kan matan Yama? Mun tsaya ƙarƙashin tulluwar muna lissafi da wuyanmu.

Ba yawon buɗe ido kawai ya kai mu ba. Kun san asusunmu na tara kuɗɗin ɗakin taro da karatun yaƙi da jahilci, don mun gaji da rumfar da iska ke kwashewa. Galibinmu siminti da kwano suke so, wai laka ta talaka ce. Maganarsu ba banza ba ce. Laka na son yaɓe bayan damana, in indararo ya toshe rufi ya sha ruwa ya faɗa, gara na cin itace, kuma itacen kirki ya yi wuya a Kurfai yanzu. Sai dai kwano ma da nasa. Da bazara ba mai iya zama cikinsa da azahar, daidai lokacin da mata ke samun sararin karatu. In ana ruwa ba a jin malama. Siminti kuwa daga nesa yake zuwa, da kuɗɗin mota a kansa, kuma bashi za mu ci. Laka tana bayan gari. A ganinmu kunyar laka ce ta fi yawa cikin gardamar nan, ba tsadar gyaranta ba.

A Dandaji, nan cikin jihar Tawa, akwai wani masallacin laka na Falke Barmu da ya tsufa har anka yi niyyar rushe shi. Mata biyu masu zanen gini, Mariam Kamara ƴar Nijar da Yasaman Esmaili ƴar Iran, sunka kawo shawarar a bar shi. Anka gyara shi ya zama ɗakin karatu, anka gina sabon masallaci kusa da shi da tubalin ƙasa da ake matsewa da inji, aikin ya ƙare a 2018. Can ba mu kai ba, rana ta yi, guzuri ya ƙare.

Ƙungiyar da ke son zuwa Yama, ku guji ranar Juma'a, ku fara gaida liman da dattawa kafin ku ɗaga waya ɗaukar hoto, ku riƙe ɗan abin da za ku sa ma gyaran masallaci. Mu kuwa mun roƙi wani tsohon magini na nan garin ya zo ranar zubi mai zuwa ya yi muna lissafi biyu, na laka da na siminti, har da kuɗɗin yaɓen shekara biyar. Kowace ta zo, za a ɗaga hannu.