Zanen Sassaƙa da Siyasa: Daga Amurka Zuwa Zariya

Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai sassaƙa hatimi a Potiskum, ko ya duba tambarin makaranta a takardar sakamakon ɗansa a Gadaka, ya san tushen wannan sana'a. Ana kankare roba ko katako da wuƙa, rubutu a juye, inda aka bari da tudu shi ke ɗaukar tawada. In an danna sau ɗari, hoto ɗari ne zai fito.

Wannan arahar ce ta ja hankalin masu zane 'yan gwagwarmaya a Amurka a tsakiyar ƙarnin da ya wuce. Zanen fenti guda ɗaya ne, attajiri ke saye ya rataye a falonsa. Na sassaƙa kuwa yana isa hannun lebura. Elizabeth Catlett, baƙar fata, ta tafi Meziko a 1946 ta shiga ƙungiyar Taller de Gráfica Popular, ta sassaƙa hotuna 15 kan wahalar matan baƙar fata da jarumtarsu. Alaƙarta da ƙungiyar ba ta yi wa hukumomin ƙasarta daɗi ba: a 1962 ta rasa takardar zama 'yar Amurka, sai 2002 aka mayar mata.

A Zariya siyasar ta bi wata hanya daban. A 1958, ana jajibirin samun 'yancin kai, ɗaliban zane na kwalejin da ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu har da Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya, suka kafa ƙungiya don ƙin manhajar da ke koya musu kwaikwayon Turawa zalla. Onobrakpeya ne ya rungumi sassaƙa, ya cika ta da tatsuniyoyin Urhobo. A shekarun 1980 ya fitar da jerin Sahelian Masquerades, wanda damuwar kwararowar hamada ta haifa, matsalar da manomin Yobe ya fi kowa saninta.

Sai dai abin takaici, yawancin waɗannan ayyuka sun ƙare a ɗakunan nuni na Legas da ƙasashen waje, nesa da talakan da araharsu ta dace da shi. Bangon kasuwannin Arewa kuwa, yau fastocin 'yan takara ne da injin kwamfuta ke bugawa suka mamaye shi.