Kafin a ɗora wa fiyano laifi

A sitidiyoyin kiɗa na Kano da Kaduna akwai gardamar da ba ta ƙarewa. An ɗora sarewa ko garaya ta kwamfuta a kan waƙa, sai aka ji ta kauce wa sauran kayan kiɗa. Nan take a yanke hukunci: fiyanon jabu ne, ko bairos ya shiga kwamfuta. Wanda ya fi ba ni takaici shi ne mai zargin mawaƙi, ya lafta masa Auto-Tune har muryar ta koma ta inji, alhali mawaƙin yana kan daidai, kiɗan ne ya karkace.

Irin wannan sautin da ke fitowa daga manhajar Kontakt ko FL Studio, asalinsa kayan kiɗa ne na gaske da wani ya naɗa ɗaya bayan ɗaya, ya gaya wa manhaja maɓallin da kowane fayil yake zaune a kai. Saboda haka tambayar farko ita ce: duk taskar sautukan ce ta kauce, ko maɓalli ɗaya ne?

In duka ce, a fara duba saurin naɗi. Faifan CD yana ɗaukar gutsuren sauti 44,100 a daƙiƙa, aikin fim kuwa 48,000. Sitidiyon da ke yin waƙa da safe ya koma sautin fim da yamma yana tsallakawa tsakanin biyun nan kullum. Manhaja kan daidaita su da kanta, amma idan katin sauti ya tsaya a kan ɗaya, aikin kuma yana kan ɗaya, sai abin da aka naɗa a 44,100 ya fito a 48,000, ya yi sauri, ya hau sama da kusan maɓalli ɗaya da rabi. In akasin haka ne, ya sauka. Duk wanda ya taɓa sauraron kaset da batir mai sanyi ya san yadda jan ƙafar zare ke kaurara murya. Rabin maɓallin nan shi ne shaida, domin ko ka matsa maɓalli gaba ko baya, ba za ka taɓa dacewa ba.

Kaucewar da ba ta kai haka ba tana da wani tushe. Mizanin duniya, wanda hukumar ISO ta tabbatar a 1975, ya ajiye sautin A a kan girgiza 440 a daƙiƙa, amma ƙungiyoyin makaɗa da yawa a Turai suna ɗaure kayansu a 442 ko 443, kuma daga gare su ake naɗar taskoki da dama. Bambancin 440 da 442 bai kai kashi 8 cikin 100 na tazarar maɓalli ɗaya ba, sai dai kunne yana jin sautukan biyu suna karo. Gyaransa juya ma'aunin saiti ne kawai. A kuma leƙa wilin lanƙwasa sauti da ke gefen fiyano, ko ya maƙale bai koma tsakiya ba.

In kuwa maɓalli ɗaya ko biyu ne, an zaunar da fayil ne a gidan da ba nasa ba. Tsarin MIDI yana kiran C na tsakiya lamba 60, amma Yamaha na rubuta shi C3, Roland kuma C4. Taskar da ta yi yawo daga filash zuwa filash, ana sauya wa fayilolinta suna, ba mamaki ta iso da irin wannan ɓarna. Sakacinmu ne.

Abin da nake tsoro ya wuce wannan. Goge da algaita da kukuma ba a kan tazarar fiyano aka gina su ba. Mai naɗar su ya ga allurar na'urar awo ta karkata, ya ja kowane sauti ya daidaita shi da fiyano, ya kashe abin da ya sa ake kiransa goge. Jama'ar sitidiyo, ku auna kafin ku gyara, in kuma kayan gargajiya ne, ku kira mai gogen ya saurara tukuna.