Suna ɗaya, yadi huɗu: wanne ne na gidan MacLeod?

Duk wanda ya shiga shagon ɗinkin kilti a birnin Edinbara, ya ce shi jinin MacLeod ne, yana son yadin gidansu, ba yadi ɗaya za a miƙo masa ba. Mai shago zai jawo littafin samfur ya baje masa aƙalla ƙyalle huɗu. Na farko kore ne da shuɗi masu duhu, sai ka matso kusa kake rarrabe su da baƙin da ke tsakaninsu. Na biyu kore shar kamar ciyawa, shuɗinsa kamar sararin sama. Na uku ruwan ƙasa da ruwan toka, ya koɗe. Na huɗu kuwa rawaya ne tangaran da baƙi, irin wanda ake hango mai shi tun daga ƙarshen layi. Kowanne an lika masa takarda mai suna MacLeod. Kilti, wato buje mai ninki da mazan Sikotilan ke ɗaurawa zuwa gwiwa, yana cin yadi wajen takwas na ulu, kuma kuɗinsa ba na wasa ba ne. Saboda haka mai saye yana da hujjar tambaya: wanne ne na kakannina?

A fara da ajiye launi gefe, a ƙirga zare. Masaƙan tartan, wato irin wannan yadi mai ratsi a tsaye da kwance, ba sa gane zane da ido kawai, a rubuce yake, harafi da lamba. Harafin shi ne launi, lambar kuma yawan zaren da za a jera kafin a sauya. Baƙi ana ba shi K, saboda shuɗi ya riga ya ɗauke B. Jerin da aka yi wadari da shi a tsaye, shi ɗin ake maimaitawa a kwance. Zaren kwance yakan haye biyu ya ratsa ƙarƙashin biyu, abin da ke fitar da siraran layukan nan da suka karkata a fuskar yadin. Inda ja ya haɗu da ja sai a ga ja sosai, inda ya ratsa kore kuma a ga gauraye. Launi biyar kan haifar da inuwa goma sha biyar a ido.

In aka ɗora ƙyallaye ukun farko a kan tebur aka bi su da tsinin allura, za a tarar jerinsu ɗaya ne: siririn ja, baƙi, faffaɗan kore, baƙi, faffaɗan shuɗi, baƙi, siririn rawaya, sannan a juyo da baya. Zane ɗaya ne. Rini ne ya raba su.

A shago ana kiran mai duhun "na zamani", mai hasken kuma "na dā". Nan ne mutane da yawa ke zamewa, su ɗauki na dā suna murna sun samu asali, alhali shi ne ƙanin. Launuka masu duhu sun bazu ne bayan 1856, shekarar da William Perkin ya gano rinin sinadari a Ingila, masaƙu suka samu launi mai kauri da araha. Sai a tsakiyar ƙarni na 20 suka fara rina ulu da haske don kwaikwayon yadda suke jin rinin ganye da saiwa yake a dā, jan ya koma ruwan lemo, shuɗin ya washe. Da sinadari aka rina shi shi ma. Koɗaɗɗen kuwa ya samo farin jini ne daga masaƙar D. C. Dalgliesh da ke Selkirk, wadda ta ce ta kwaikwayi wani guntun yadi da aka tono a 1946 kusa da filin yaƙin Culloden, bayan ya shekara ɗari biyu a cikin laka. Wato launin da ƙasa ta ci ake sayarwa sabo fil. Ƙari a kan haka, babu dokar da ta ƙayyade wane kore ne kore. Masaƙa biyu za su bi ƙirge ɗaya, yadinsu ya fito kamar ba su san juna ba.

Akwai ma wani bambancin da ba na masaƙa ba ne, na tela ne. Yadi ɗaya, tela biyu, kilti biyu da ba su yi kama ba ta baya. Ɗaya zai yi ninkin yadda zanen zai sake haɗuwa cif, bayan ya zama daidai da gaban. Ɗayan zai zaɓi ratsi guda, a ce jan, ya sa shi a tsakiyar kowane ninki, sai bayan ya koma jerin jajayen layuka a tsaye. Na biyun salon soja ne. Wanda ya gaji kiltin kakansa yana neman irinsa, ya duba wannan kafin ya zargi mai shago.

Saura rawayan. Shi kam ko ƙirge bai cece shi ba: baƙaƙen ratsi uku masu faɗi, siririn rawaya tsakaninsu, sai fili rawaya da jan layi a tsakiya. Ba shi da alaƙa da koren. A shaguna ana kiransa na MacLeod na tsibirin Lewis, koren kuma na MacLeod na Harris, sai mutum ya ɗauka reshe biyu na dangi ne kowanne ya gaji nasa. Bayanin yana da daɗin ji, amma bin sawun rawayan yana ƙarewa ne a wani littafi mai suna Vestiarium Scoticum da ya fito a 1842. Wasu 'yan'uwa biyu ne suka wallafa shi, John da Charles Allen, waɗanda suka koma kiran kansu Sobieski Stuart, suna barin a yi ta raɗe-raɗin cewa su jikokin Yarima Charles Edward Stuart ne. Sun ce daga wani tsohon kundi na ƙarni na 16 suka kwafo zane-zanen. Tun a 1829 marubuci Walter Scott ya nuna shakka a kan kundin, kuma yau masana sun haɗu a kan cewa ƙage ne. Sai dai a yaba musu ta fuska ɗaya: sun iya haɗa launi. Da yawa daga cikin zanen da suka ƙirƙira har yanzu dangogi na sanye da su a biki.

To ko koren ne na asali? Ya dai girmi rawayan a buga, domin James Logan ya kawo ƙirgensa a littafinsa na 1831. Amma in ka ajiye shi kusa da yadin gidan Mackenzie, za ka ga dangantaka: kore, shuɗi, baƙi da siraran ratsi, irin tsarin yadin sojan Birtaniya na tsaunukan Sikotilan. Masu bincike suna danganta shi da wata runduna da aka kafa a 1777, wadda ake kira da sunan Lord MacLeod. Shi wannan Lord MacLeod ɗin, sunansa na yanka John Mackenzie. Laƙabi ne kawai na gidansu. Kuma Mackenzie su ne suka karɓe tsibirin Lewis daga hannun MacLeod a farkon ƙarni na 17.

Da zarar an zo nan, tambayar kan koma: yaushe ma aka fara cewa wannan zane na gidan wane ne? Martin Martin, mutumin tsibirin Skye, ya rubuta a 1703 cewa daga mayafin mutum ana iya hasashen yankin da ya fito. Yanki ya ambata, wato abin da masaƙin wurin ya saba da rinin da ke kusa da shi. A Culloden a 1746, farin ƙyalle a hula ne ya bambanta mayaƙan Yarima Charles Edward Stuart da abokan gabarsu. Bayan yaƙin aka haramta wa mazan tsaunuka wannan sutura, ban da soja, har 1782. A tsakanin nan sana'ar ta koma hannun manyan masaƙu irin William Wilson da 'ya'yansa na Bannockburn, masu yi wa soja yadi. Zanensu da yawa lamba kawai gare su, daga baya aka raɗa musu sunayen garuruwa da dangogi, kamar yadda 'yan Kantin Kwari ke raɗa wa atamfa suna don ta shiga. A 1815 ƙungiyar mutanen tsaunuka da ke Landan ta nemi shugabannin dangogi su aiko da samfurin yadinsu da hatimi, wasu suka rasa abin aikawa. A 1822 Sarki George na IV ya ziyarci Edinbara, Walter Scott ya shirya bikin, aka buƙaci manya su fito da kayan gargajiya, kowa ya ruga neman "na gidansu". Masaƙu ba su ba kowa kunya ba.

Shaida ɗaya ta rage, tana rataye a fadar Dunvegan da ke Skye, mazaunin shugabannin MacLeod. Hoto ne da mai zane Allan Ramsay ya yi wa Norman MacLeod, shugaban dangin na 22, wajen 1747. Ya girmi littafin Logan da na 'yan'uwan nan nesa ba kusa ba. Tartan ɗin da ke jikinsa ja ne.

Saboda haka duk huɗun na MacLeod ne, tunda dangin sun karɓe su, sun yi aure da makoki a cikinsu. Ba ɗaya daga cikinsu da za a rantse kakanni sun je yaƙi da shi. Mai neman zanen gidansu zai iya duba ƙirgensa a rajistar tartan ta gwamnatin Sikotilan da aka buɗe a 2009. In kuma anko za a yi, kada a dogara da hoton waya: a karɓi guntun ƙyalle a hannu, a duba shi a hasken rana, a sayi yadin kowa daga masaƙa ɗaya.