Wa Ke Rubuta Dokokin Formula 1?

A watan Afrilun 2025, a gefen tseren Bahrain, wakilan kamfanonin da ke ƙera injinan Formula 1 suka zauna da hukumar FIA mai kula da gasar. Shugaban hukumar, Mohammed Ben Sulayem, ya jefo shawarar a dawo da tsohon inji mai silinda goma, wanda ƙararsa ke girgiza filin tsere, amma a riƙa zuba masa man da ba daga rijiya aka haƙo ba. 'Yan kallo da yawa sun yi na'am. Audi da Honda kuwa suka nuna ba da su ba, don sun riga sun narkar da dukiya a kan injin da aka tsara wa kakar 2026. Aka tashi taro dokar tana nan daram.

Tushen wannan taƙaddama yana 2014, shekarar da aka jingine inji mai silinda takwas aka kawo ƙarami mai silinda shida, lita 1.6, da turbo da batir. Na'urori biyu ke cika batirin. Ɗaya tana tara ƙarfin da ke zubewa in direba ya taka birki. Ɗayar, MGU-H, tana maƙale a jikin turbo, tana mayar da zafin hayaƙin salansa ya zama lantarki. Ta fuskar fasaha abin burgewa ne, amma ƙera ta ya ci kuɗi ya kuma ci mutunci. Honda ta shafe kaka uku tana jin kunya tare da McLaren, har Fernando Alonso ya yi ƙorafi ta rediyo a Suzuka a 2015, a gaban manyan kamfanin a ƙasarsu, yana kwatanta injin da na ƙaramar gasa. Mercedes, da ta riga kowa gane kan na'urar, ta ɗauki kambun ƙungiyoyi sau takwas a jere, daga 2014 zuwa 2021.

Babu sabon kamfanin da zai yarda ya shigo ya tarar da irin wannan rata. Saboda haka aka cire MGU-H daga dokokin 2026, aka ɗaga ƙarfin lantarki daga kilowat 120 zuwa 350, kusan rabin ƙarfin motar ke nan. Kwalliya kuwa ta biya kuɗin sabulu. Audi ta sanar da shigowarta a Beljiyam a watan Agustan 2022, ta saye ƙungiyar Sauber. Ford ta haɗa kai da Red Bull. Honda, wadda ta sanar da ficewarta a 2020, ta dawo wajen Aston Martin. General Motors ta shigo da sunan Cadillac a matsayin ƙungiya ta goma sha ɗaya.

Sai dai kowace riba da nata haraji. Batirin da ake ɗora wa rabin aiki, an kuma rage masa hanyar cika, yana iya ƙarewa kafin ƙarshen doguwar miƙaƙƙiyar hanya. Tun 2023 Max Verstappen ya yi kashedin cewa a fili irin Monza direba zai iya rage giya alhali ƙafarsa na kan totur. Mafitar da aka samo ita ce fukafukai masu motsi gaba da baya, suna kwantawa a miƙaƙƙiya don rage turjiyar iska, su miƙe a kwana. A taƙaice, jikin motar aka sake wa fasali don ya rufa wa inji asiri, injin kuma an zana shi ne don ya gamsar da ofisoshin kamfanoni.

A nan ne abin ya kamata ya dami duk mai son wasan, domin baƙo raɓa ne. A watan Disamban 2008, da tattalin arzikin duniya ya karye, Honda ta tattara nata ya nata ta fice. BMW da Toyota suka bi sahu a 2009. Ross Brawn ya karɓi ƙungiyar da Honda ta bari a kan fam ɗaya, injiniyoyinsa suka cusa injin Mercedes a cikin motar da ba don shi aka gina ta ba. A tseren farko a Melbourne farar motar ta fito kusan babu tambarin masu talla a jikinta, Jenson Button ya zo na ɗaya, Rubens Barrichello na biyu, kuma a ƙarshen kaka suka haɗa kambu biyu. Labari ne mai daɗin ji, amma a bayansa ɗaruruwan ma'aikata sun rasa aiki. Renault ma, da ta fara shigo da turbo gasar a 1977, ta daina ƙera injin Formula 1 a ƙarshen 2025, ƙungiyarta Alpine ta koma sayen na Mercedes.

Masu kare tsarin suna da hujja mai ƙarfi. Ba tare da kuɗin kamfanonin ba, gasar ba za ta riƙe matsayinta na ƙololuwar fasaha ba, kuma McLaren ta ci kambun 2024 da injin da ta saya daga Mercedes, ta bar masu injin a baya. Ƙa'idar kashe kuɗi da aka fara a 2021 da dala miliyan 145 ita ma ta rage wa ƙananan ƙungiyoyi zafi.

Duk da haka akwai abin da aka rasa. Ford ta ba Cosworth fam 100,000 ta ƙera injin DFV, wanda ya fito a 1967, daga baya kuma kowace ƙaramar ƙungiya ke iya saye ta ɗaura a motarta. Ya ci tsere 155, kuma da shi Williams da Tyrrell suka kai ga kambu. Dokokin yau sun yi tsada da sarƙaƙiya har sun kori irin wannan maƙeri mai zaman kansa: rabon da a ga injin Cosworth a gasar tun 2013, a motar Marussia. Haas da Williams, waɗanda ba su da injin kansu, dole su sayi inji daga hannun abokan hamayyarsu, kuma a teburin da ake yanke shawarar injin gaba, masu sayarwar ne ke da bakin magana.