Zaman Ikilisiya a Katuzu da Gashuwa

Kiristoci tsiraru ne a Katuzu, kamar yadda suke a duk arewacin Jihar Yobe. Katuzu unguwa ce kuma mazaɓa a ƙaramar hukumar Bade, haɗe take da garin Gashuwa da ke bakin Kogin Yobe, kusa da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke gamuwa. Mutanen wurin Badawa ne da Hausawa da Mangawa da Fulani, akasarinsu Musulmi, suna noman shinkafa da su da kiwo da fatauci. A cikinsu ne masu bin Almasihu suke zaune, gida nan gida can, mafi yawa a gidajen haya ko a rukunin gidajen ma'aikata. Majami'un da suke zuwa na Gashuwa ne baki ɗaya, don haka ba a iya raba labarin mai bi na Katuzu da na ɗan'uwansa da ke wata unguwa a garin.

Asalin wannan jama'a yana da alaƙa da hanya da kuma aiki. Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, ya mai da garin matattarar gyaɗa da fatu da ƙaro. Tare da jirgin ne ma'aikatan reluwe da akawuna da 'yan kasuwa daga kudu suka zo, da yawansu Kiristoci, suka fara taruwa ran Lahadi a unguwarsu ta baƙi. Gashuwa, wadda ke tafiyar kimanin awa ɗaya a mota gabas da Nguru, ta bunƙasa bayan an mayar da fadar Mai Bade can daga Gogaram a 1946. Turawan mulki sun daɗe suna taƙaita aikin mishan a cikin masarautun Musulmi, shi ya sa ikilisiya a wannan yanki ta fi girma ta hanyar baƙi masu zuwa aiki. Bayan an ƙirƙiri Jihar Yobe a ranar 27 ga Agusta, 1991, ma'aikata sun ƙaru. Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da gidan yarin Gashuwa, da asibiti, da barikin 'yan sanda, da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, kowannensu ya kawo nasa rabon masu bi.

Saboda haka duk wanda ya duba bencin majami'a ran Lahadi zai ga taswirar Najeriya a taƙaice. Akwai 'yan asalin jihar, Karekare da Ngizim da Ngamo daga wajen Potiskum da Fika da Gadaka. Akwai Bura da Margi da Kilba daga kudancin Borno da Adamawa, waɗanda da yawansu suka tashi a EYN, ikilisiyar da ta samo tushe a Garkiɗa a 1923. Akwai Tangale daga Gombe, da mutanen Filato da kudancin Kaduna, 'yan ECWA da COCIN. 'Yan ƙabilar Ibo masu shagunan magani da kayan gyaran mota sun fi karkata ga Katolika da Angilika. Katolikan Yobe suna ƙarƙashin dayosis ɗin Maiduguri ne, Angilika kuma suna ƙarƙashin na Damaturu. Harshen da ya haɗa mafi yawan 'yan arewa a cikinsu shi ne Hausa, ko da yake kaɗan ne daga cikinsu Hausawa. Da Hausa suke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka fara buga cikakkensa a harshen a 1932, da ita suke waƙa, da ita kuma suke yi wa juna ta'aziyya.

Sujadar Lahadi takan fara da wuri, musamman a watan Afirilu da Mayu, lokacin da rufin kwano ke zama kamar tanda kafin hantsi ya dubi ludayi. A majami'u da yawa ana yin sujadar Turanci da ta Hausa dabam dabam, ko a haɗa su da tafinta. Yara sukan koma gefe guda don makarantar Lahadi. Ana addu'a, ana karatu, ƙungiyoyi suna tashi ɗaya bayan ɗaya su yi waƙa, sannan baiko da wa'azi. Akwai wani sashe da baƙo zai iya ɗauka ba shi da muhimmanci, alhali a nan ne jinin ikilisiya yake gudana, wato sanarwa. Magatakarda yakan tashi da littafinsa ya faɗi wanda ya haihu, da wanda ke kwance a asibiti, da wanda aka yi wa rasuwa a ƙauyensu, da wanda aka canza wa wurin aiki. Sai a ce baƙi su miƙe su faɗi sunansu da inda suka fito da unguwar da suka sauka. Ba don ladabi kawai ake tambayar unguwar ba. Kafin mako ya zagayo wani zai yi sallama a ƙofar baƙon.

Wannan ziyara ita ce ainihin abin da masu bi suke nufi da zumunci, kuma mata ne suka fi ɗaukar nauyinta. Zumuntar Mata ƙungiya ce da kusan kowace ɗarika a arewa take da irinta, da shugabarta da ma'ajiyarta da anko nata. An fi saninta da waƙa, da bugun tulu da kacau-kacau, amma waƙar ɗan ƙaramin yanki ne na aikin. Suna taruwa a tsakiyar mako da la'asar, su yi nazarin Littafi, su haddace aya, su tara kuɗin mako. Daga wannan asusu ne ake sayen sabulu da garin kunu a kai wa mai jego, ake biya wa gwauruwa kuɗin magani, ake dafa abincin zaman makoki. Matar ɗan sanda da aka kawo daga Mubi ko Langtang, wadda ba ta san kowa ba a ƙasar Bade, a nan take samun wadda za ta nuna mata inda ake sayen hatsi da araha, da wadda za ta kwana da ita ranar naƙuda, da tsohuwar da za ta kira Mama. Idan mace ta ɗauke ƙafa Lahadi biyu, ba a jiran fasto ya lura. Mata biyu ko uku za su je su zauna a tabarmarta, su tambayi lafiya, su yi addu'a, kuma sau da yawa a nan ne ake gano cewa rashin kuɗin makaranta ne ko rikicin gida ya sa ta jin kunyar fitowa. Maza ma suna da tasu zumuntar, matasa suna da ƙungiyarsu da ta mawaƙa, ɗalibai kuma suna da tasu ƙungiyar, FCS, a makarantu, sai dai duk wanda ya san ikilisiyoyin arewa zai yarda cewa inda Zumuntar Mata ta yi rauni, sauran ma ba su daɗewa a tsaye.

Koyarwar da ke ƙarƙashin wannan duka ba mai wuyar faɗi ba ce. Masu wa'azi suna yawan komawa ga sura ta 8 ta wasiƙar Bulus zuwa ga Romawa da wasiƙar Yohanna ta fari, suna jaddada cewa ƙaunar Allah ce ta riga ta mutum, kuma wahala ba alama ba ce ta cewa an janye ta. Daga nan suke fitar da ma'anar jimiri. A fahimtarsu mai bi ba ya dawwama don ƙarfin zuciyarsa. Riƙe shi aka yi, kuma hannun da ake riƙe shi da shi sau da yawa na ɗan'uwa ne da ke zaune kusa da shi a benci. Shi ya sa ake ɗaukar daina zuwa taro da muhimmanci ƙwarai, ana kafa hujja da sura ta 10 ta Ibraniyawa. Kalmomin da ake ji a bakin mutane su ne “Allah mai aminci ne” da “muna tare da ku cikin addu'a”, kuma ta biyun ana sa ran ta zo da ƙafa, wani lokaci har da kwanon abinci.

Babbar jarrabawar yau da kullum ita ce tashi. Ikilisiyar ma'aikata kullum cikin ban kwana take. Mai koyar da mawaƙa yau yana nan, gobe takardar canjin aiki ta kai shi Damaturu. Masu bautar ƙasa sukan riƙe makarantar Lahadi shekara ɗaya su wuce. Fastoci su ma hedikwata takan juya su bayan 'yan shekaru. Abin da ke hana ginin rushewa shi ne 'yan gidaje kaɗan da suka yi shekara talatin ko arba'in a garin, wani tsohon malamin makaranta, wata ungozoma da ta yi ritaya, wani mai shago da ya haifi 'ya'yansa duka a nan. Su ne dattawan ikilisiya. Su suka san mai unguwa da hakimi, su suka san yadda aka samu filin da majami'a take kai, su ake tura wa idan wata magana ta taso tsakanin mai bi da maƙwabcinsa.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo ne da rikicin Boko Haram. A ranar 4 ga Nuwamba, 2011, an kai hari Damaturu, aka kashe mutane da yawa, aka ƙona majami'u. Kafin watan ya ƙare an kai irinsa Geidam, wadda ke gabas da Gashuwa a bakin kogi ɗaya. A farkon Janairun 2012 ƙungiyar ta ba 'yan kudu wa'adin kwana uku su bar arewa, a daren jajibirin Kirsimetin shekarar kuma aka kashe masu sujada tare da fastonsu a wani ƙauye kusa da Potiskum. Gashuwa kanta ta ga hari a kan jami'an tsaro a watan Afirilun 2013, wata ɗaya kafin a kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, a kuma katse layukan waya. Musulmin yankin sun sha wannan wuta su ma, an kashe malamansu da ɗalibansu da 'yan kasuwarsu. Ga Kiristoci kuwa, tambayar ta zama ta zama ko tafiya. Iyalai da yawa sun kwashe zuwa Jos da Gombe da kudu; wasu magidanta sun tura mata da yara gida, su suka zauna saboda aiki. Ba daidai ba ne a ɗauki waɗanda suka tafi a matsayin masu raunin bangaskiya, domin mai 'ya'ya ƙanana shi ya san abin da ya auna.

Waɗanda suka rage sun sauya tsarin ibada. Dokar hana fita ta kawar da addu'ar dare, aka dawo da taron jajibirin sabuwar shekara zuwa yamma. An gajarta sujada, aka sa matasa a ƙofa suna duba masu shiga, aka hana mata shiga da manyan jakunkuna. Hana hawa babur da aka yi na shekaru a jihar ya sa ziyara ta koma tafiyar ƙasa ko keke. Taron gida gida, wanda dā ƙari ne kawai, ya zama ginshiƙi: iyali uku ko huɗu a ɗaki ɗaya, da murya ƙasa ƙasa.

Sunan da ya fi zama a bakin masu bi na wannan yanki shi ne na Leah Sharibu. An sace ta tare da 'yan mata fiye da 100 daga makarantar kimiyya ta 'yan mata da ke Dapchi a ranar 19 ga Fabrairu, 2018. Bayan wata ɗaya aka dawo da sauran da suka rayu, ita aka riƙe ta, kuma abokan karatunta sun ce don ta ƙi barin addininta ne. Dapchi tana kan hanyar Gashuwa zuwa Damaturu, duk mai zuwa babban birnin jihar ta wannan hanya sai ya ratsa ta. Ga iyayen da 'ya'yansu ke makarantun kwana na gwamnati, ita yarinya ce irin tasu, mai inifom irin na 'yarsu, kuma sunanta yana shiga addu'ar roƙo shekara bayan shekara.

Zama da maƙwabta yana da fuska biyu, kuma duka biyun gaskiya ne. Naman layya yana shiga gidan Kirista ran Babbar Sallah, shinkafar Kirsimeti da cincin suna shiga gidan Musulmi. Ana zuwa suna da ta'aziyyar juna, ana bashi a shago ɗaya, malamar asibiti Kirista tana karɓar haihuwar matar liman. A ɗaya gefen kuma akwai ƙorafin da shugabannin Kiristoci a jihohin arewa suka daɗe suna yi ta bakin ƙungiyar CAN: wahalar samun fili da takardar izinin gina majami'a, da ƙarancin malaman addinin Kirista a makarantun gwamnati. Wanda ya fi kowa shan wuya shi ne ɗan gari da ya karɓi bangaskiyar daga gidan da ba na Kirista ba, domin yakan rasa dangi da gado a lokaci ɗaya, sai ikilisiya ta zame masa gidan kwana da wurin cin tuwo.

Akwai kuma wahalhalun da ba su tambayar addinin kowa. An san ƙasar Bade da yawan ciwon ƙoda, cutar da ke cinye dukiyar gida cikin 'yan watanni saboda zirga-zirgar neman magani a Nguru ko Damaturu. Ambaliyar 2022 ta rushe gidaje ta cinye gonaki a Gashuwa da kewayenta. A irin wannan lokaci akan yi baiko na musamman bayan na kullum, a ajiye kwano a gaba, kowa ya taso ya saka abin da ya samu. Idan rai ya yi halinsa, yawancin iyalai suna so a kai mamacin garinsu, ko Biu ne ko Kaltungo ko Pankshin. Ikilisiya ce ke haɗa kuɗin mota da akwati, ta kuma zaɓi dattijo ɗaya da mata biyu ko uku su raka gawar, su miƙa ta ga ikilisiyar can.

Shekarar ikilisiya takan kai ƙololuwarta da kaka, lokacin bikin godiya, inda ake kawo buhun shinkafa da damin gero da kaji da busasshen kifi gaban majami'a, a sayar, a zuba kuɗin a aikin gini ko albashin mai bishara. Daga tsakiyar Disamba kuma benci yakan fara yin fili, domin ma'aikata da ɗalibai suna tafiya gida hutu. Kirsimetin Gashuwa ta waɗanda suka rage ce, ana yin ta cikin hazo da sanyin hunturu, da mawaƙan da ba su cika ba, gidajen da suka dafa suna kiran gwagware da 'yan sandan da ke bakin aiki su zo su ci. A makon biyu ko na uku na Janairu motocin Potiskum da Kano suna dawo da mutane. Magatakarda yakan buɗe sabon shafi a littafinsa, ya soke sunayen waɗanda aka canza wa wurin aiki, ya rubuta na baƙin da suka miƙe suka faɗi unguwar da suka sauka.