Kada Biyu Masu Suna Ɗaya

A garin Paga da ke arewacin Gana, dab da iyakar Burkina Faso, akwai tafkunan da kadoji ke zaune a tsakiyar jama'a. Mata na wanki a bakin ruwa, yara na wasansu, baƙo kuma idan ya sayi kaza sai a kirawo masa kada ya fito tudu, ya tsuguna kusa da shi, har ya riƙe wutsiyarsa a ɗauke shi hoto. Haka ake yi a ƙauyen Bazule kusa da Wagadugu. Mutanen waɗannan wurare sun ɗauki kada tamkar ɗan gari, ba sa kashe shi, ba sa cin namansa, a Bazule ma idan ya mutu binne shi ake yi. To amma mutum ya je gaɓar tafkin Biktoriya ko kogin Zambezi ya ce zai yi irin wannan wasa, sai dai a je yi wa iyalinsa ta'aziyya. Kadan can yakan kai mita biyar, yana fizgar saniya daga mashaya, kuma kowace shekara yana hallaka masunta da masu ɗiban ruwa.

Shekara da shekaru littattafan kimiyya suna cewa waɗannan dabba ɗaya ce, wato kadan Nilu, wanda wani masani mai suna Laurenti ya raɗa wa suna Crocodylus niloticus a 1768. Idan aka tambayi dalilin bambancin hali, sai a ce na Paga sun saba da mutane ne, kuma ana ciyar da su. Akwai gaskiya a cikin wannan amsa, sai dai ba ta cika ba.

Tun kimanin shekara 2,400 da suka wuce, marubucin tarihin nan na Girka, Herodotus, ya ziyarci Masar ya ba da labarin yadda mutanen wasu garuruwa ke kiwon kada a wuraren bautarsu, suna sa masa 'yan kunne da mundaye, idan ya mutu su shafe gawarsa da magunguna su naɗe ta. Masarawan wancan zamani suna da abin bauta mai kan kada da suke kira Sobek, kuma an tono dubban irin waɗannan busassun gawarwaki a yankin Fayum da Kom Ombo da wasu wurare. Lokacin da Napoleon ya kai yaƙi Masar a 1798, ya tafi da tawagar masana, cikinsu har da wani matashi masanin dabbobi, Geoffroy Saint-Hilaire. Wannan mutum ya duba ƙoƙon kan gawarwakin, ya kwatanta da na kadojin da ke cikin kogin, ya ga ba su yi daidai ba. A 1807 ya rubuta cewa akwai wani kada na biyu, ƙarami, mai sanyin hali, ya sa masa suna Crocodylus suchus. Manyan masanan zamaninsa ba su karɓi maganar ba. Aka tura sunan gefe, ya kwanta kusan shekara ɗari biyu.

Abin da ya tashe shi shi ne ilimin karanta ƙwayoyin gado, wato rubutun halitta da ke cikin jikin kowane mai rai, wanda ɗa ke gada daga iyayensa. A 2003 wasu masu bincike suka lura cewa kadojin yammacin Afirka sun bambanta da na gabas. Sannan a 2011 wata masaniya 'yar Amurka, Evon Hekkala, da abokan aikinta suka fitar da binciken da ya warware zancen. Sun tattara samfuri daga kadoji masu rai 123 a sassan Afirka, suka haɗa da wasu 57 da ke ajiye a gidajen tarihi, cikinsu har da gawarwakin Masar. Ciro ƙwayoyin gado daga fatar da ta bushe shekara dubu biyu aiki ne mai cin rai, domin sun riga sun daddatse, kuma ɗan gumin hannun mai bincike ya isa ya ɓata komai. Duk da haka sun samu karanta wasu, kuma duk gawarwakin da aka karanta sun fito a dangin kadan yamma, irin na Paga da Bazule, ba na Nilu ba. Da alama masu kula da wuraren bautar Masar sun san abin da suke yi: mai sauƙin kai suke zaɓa su ajiye, su bar mai faɗan a kogi.

Bambancin ba ɗan ƙarami ba ne. Kadan Nilu yana da kuromozom 32, wato ƙunshin da ƙwayoyin gado ke tattare a ciki, shi kuwa na yamma yana da 34. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne yadda zumuncin ya kasance. Kadan Nilu ya fi kusanci da nau'o'in kada huɗu da ke nahiyar Amurka, irin su na Kuba da na kogin Orinoko, fiye da kusancinsa da maƙwabcinsa na yammacin Afirka. Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane.

Yaya aka yi kadan Afirka ya sami 'yan uwa a ƙetaren Atilantika? Nahiyoyin biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, alhali dangin waɗannan kadoji bai kai ko kusa da wannan tsufa ba, don haka ba ta tudu suka bi ba. Bayanin da masana suka fi yarda da shi shi ne ninƙaya da bin igiyar ruwa. Kadojin wannan dangi suna da wasu ƙofofi a harshensu da ke fitar da gishiri, suna iya yin watanni ba su ci komai ba, macen kuma tana iya riƙe maniyyin namiji a jikinta na tsawon lokaci. Mace guda da igiyar teku ta kwasa tana iya kafa zuriya a inda ta sauka. A 2020 an sake nazarin wani ƙoƙon kan kada mai shekara kimanin miliyan 7 da aka haƙo a As Sahabi ta ƙasar Libiya tun 1939, aka ga yana da wani ɗan tudu a kan hancinsa irin na kadojin Amurka. Ana ganin daga irinsa ne waɗanda suka ƙetare suka fito.

Mai kallon kada kwance a kan yashi zai ɗauka babban ƙadangare ne, yayan guza da damo. Masanan ƙashi da na ƙwayoyin gado sun daɗe da gano cewa kada ya fi kusa da tsuntsu a kan ƙadangare. Shi da tsuntsaye da manyan dabbobin nan da suka ƙare, dainoso, duk reshe guda ne da ya tsiro kusan shekara miliyan 250 da suka wuce. Alamun suna nan ga mai lura. Zuciyar kada ɗaki huɗu ce kamar ta kaza. Macen kada tana gadin ƙwanta, 'ya'yan suna kuka tun suna cikin ƙwai, ita kuma da ta ji sai ta tone ramin ta kwashe su a bakinta ta kai ruwa.

Ana yawan cewa kada bai canza ba tun zamanin dainoso. Ƙasar Nijar ta isa ta ƙaryata wannan magana. A Gadufawa, cikin hamadar Tenere kudu maso gabas da Agadas, Faransawa masu neman yuraniyom sun ci karo da wani ƙaton ƙoƙon kai da ya zama dutse, kuma a 1966 France de Broin da Philippe Taquet suka sa wa dabbar suna Sarcosuchus imperator. Ta rayu kimanin shekara miliyan 110 da suka wuce, lokacin da wurin yake cike da manyan koguna. Kanta kaɗai ya kusa tsawon mutum. Bayan tafiye-tafiyen Paul Sereno na Jami'ar Shikago a 1997 da 2000, an ƙiyasta tsawonta mita 11 zuwa 12, daga baya wasu suka sake lissafi suka dawo da shi wajen mita 9, wanda shi ma ya isa abin tsoro. Sarcosuchus ba kakan kadan yau ba ne, ɗan wani ɗaki ne na gidan, ɗakin da ya riga ya ƙare. A duwatsun Nijar ɗin dai an samo wani mai faffaɗan baki kamar na agwagwa, da wani mai zaƙo-zaƙon haƙora kamar na gadu, da wani mai shimfiɗaɗɗen kai kamar faifai. Wasunsu dogayen ƙafafu gare su, a tudu suke neman abinci. Kadan da muka sani ragowa ne daga babban gida mai siffofi iri-iri.

Sahara ba ta daɗe da bushewa ba idan da wannan ma'auni aka auna. Daga kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, hamadar ciyawa ce da tafkuna, tafkin Cadi kuma ya ninka girmansa na yanzu sau da yawa. Da ruwan sama ya ja baya, kadojin da ke can suka maƙale a 'yan guraben ruwa da ke tsakanin duwatsu, waɗanda Larabawan yankin ke kira gelta. Na tsaunukan Tasili a Aljeriya sun ƙare a farkon ƙarni na 20. A geltar Arshe da ke tsaunukan Ennedi a Cadi, inda ake shayar da ɗaruruwan raƙuma, 'yan ƙalilan ne suka rage, ana iya ƙirga su da yatsu. A Muritaniya an ɗauka sun shuɗe, sai ga shi a ƙarshen shekarun 1990 masu bincike sun sake samun su a kudancin ƙasar, inda makiyaya dama sun san da zamansu. Waɗannan kadoji na hamada ƙanana ne, kuma idan tafki ya ƙafe sukan shige ramuka da kogunan dutse su lafe har damina ta dawo. Dukkansu Crocodylus suchus ne, wato irin wanda ke kogin Kwara da Binuwai, da kogin Gaji a gandun dajin Yankari, da gandun W a Nijar. Shi ne kuma wanda ake cewa yawansa ya ba garin Kaduna sunansa, daga kalmar kadduna, ko da yake Gbagyi suna da nasu bayanin.

Wani zai ce to mene ne amfanin wannan rabe-raben suna? Amsar tana cikin lissafi. Ƙungiyar IUCN mai fitar da jerin halittun da ke cikin haɗari ta daɗe tana sa kadan Nilu a rukunin waɗanda ba a damu da su ba, domin suna da yawa a gabashi da kudancin Afirka. Muddin ana ƙirga na yamma a cikinsu, raguwarsa ba za ta fito fili ba, kamar a haɗa garken mai shanu dubu da na mai shanu goma a ce dukansu masu arziki ne. Haka zancen yake ga fatauci. A tsakiyar ƙarnin da ya wuce an kashe kadoji ba adadi a Afirka saboda fata, har yarjejeniyar CITES da ta fara aiki a 1975 ta taƙaita cinikin. Ƙasashe irin su Zimbabuwe da Zambiya sun kafa gonakin kiwon kada, suna sayar da fata bisa izini, kuma hakan ya taimaka wa kadan can. Amma ƙa'idar da aka gina a kan yawan na gabas ba za ta dace da na yamma ba. Wanda kuma ya ɗauko kadan Nilu daga gonar kiwo ya sake shi a tafkin da na yamma ya ƙare, da niyyar gyara, ɓarna ya yi, ga kuma haɗarin da ya jawo wa masu ɗiban ruwa.

Irin wannan rabuwa ta sake faruwa a 2018, lokacin da aka tabbatar cewa kada mai siririn baki na dazuzzukan Afirka shi ma nau'i biyu ne. Na yammacin yana cikin halittun da suka fi kusa da ƙarewa.

Abubuwan da ke cin kada a ƙasashenmu ba ɓoyayyu ba ne. Ana farautarsa don nama, dukawa na son fatarsa, masu maganin gargajiya na sayen kai da haƙora da sauran sassa. Yana sarƙewa a komar masunta ya nutse, ko su kashe shi don haushin komar da ya yaga. Masu haƙar yashi da manoman rani sun mamaye gaɓar da macen ke tona ramin ƙwai. Akwai kuma matsalar zafi, wadda ba kowa ya san da ita ba: jinsin ɗan kada ba a cikin gado yake ba, ɗumin yashi ne ke yanke shi a tsawon kimanin wata uku da ƙwan ke yi a binne. Wajen digiri 32 zuwa 33 maza suka fi fitowa, ƙasa da haka ko sama da haka kuwa mata. Sauyin yanayi, ko sare itatuwan da ke yi wa gaɓa inuwa, yana iya karkatar da zuriyar wuri guda zuwa jinsi ɗaya.

A ganina abin da ya fi kare kadan yamma zuwa yau al'ada ce, ba doka ba. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke cikin haɗari tun 1985, amma ba irin wannan doka ce ta hana taɓa kadojin Paga ko na geltocin Muritaniya ba, mutanen wurin ne suka hana. A ƙasar Kabi ma, Sarkin Ruwa na Argungu an san shi da sanin sha'anin kadojin kogin Matan Fada, shi ke tabbatar da lafiyar ruwa kafin masunta su faɗa. Irin waɗannan mutane sun san ramin da kada ke shiga da rani, da gaɓar da yake ƙwai, da shekarar da aka daina ganinsa a wuri kaza. Ɗalibin da ke son shiga wannan fanni ba ya buƙatar jiran na'urar karanta ƙwayoyin gado kafin ya fara. Ya nemi masuntan yankinsu ya rubuta abin da suka sani, sannan ya bi su cikin kwalekwale da dare da tocila a hannu, domin haka masana ke ƙirga kada a ko'ina: idonsa yana mayar da haske ja, ana hango shi daga nesa.