Mako Takwas A Ƙasar Larabawa: Me Ɗalibi Zai Samo?

A shekarar 2006 ne Gwamnatin Amurka ta fito da wani shiri na aika ɗaliban jami'o'inta ƙasashen waje lokacin dogon hutu, domin su koyo harsunan da take ƙarancin masanansu. Larabci yana sahun gaba, kuma dalilin ba ɓoyayye ba ne: hare-haren 2001 sun nuna mata cewa masu jin Larabci sun yi kaɗan a ma'aikatunta. Aka riƙa kai ɗalibai Jodan da Maroko da Oman, zaman kamar mako takwas, gwamnati ta ɗauki nauyin jirgi da ci da makwanci.

To, mako takwas me zai tsinana? A ganinmu sirrin yana ga sharaɗin da aka gindaya wa ɗalibi, wato ya yi alkawarin ajiye Turanci, a aji da kasuwa da masaukinsa. A nan ne yake gane Larabcin littafi daban, na titi daban. Wanda ya ƙoshi da nahawu ma sai ya yi tsuru-tsuru a gaban mai tumatir a Rabat.

Mu ma nan gida mun san ciwon nan. Da kuɗin tura ɗalibanmu waje ya gagara, sai aka kafa Ƙauyen Larabci a Ngala ta Jihar Barno a 1992, cikin Larabawan Shuwa. Dabara ce abar yabo. Amma rikicin Boko Haram ya sa aka kwashe karatun zuwa Maiduguri, inda Barbarci da Hausa suka fi tashi a kasuwa.